Yadda Damina da Fari Suka Rarraba Jinin Dabbobin Kurmi

Tambaya: Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare a Agege. Na karanta cewa dabbobin kurmi sun fi na sauran wurare yawan bambancin ƙwayoyin gado, kuma wai yanayi ne ya jawo haka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kurmi ai kullum jiya i yau: zafi da ruwa, ruwa da zafi. Ta yaya yanayin da ba ya sauyawa zai haifar da bambanci? Sannan ɗumamar duniya da ake ta magana a kai, ƙara wannan bambanci za ta yi ko rage shi?

Amsa: Malam, inda lissafin ya karkace shi ne wurin "ba ya sauyawa". A tsawon rayuwar mutum ɗaya maganarka daidai ce. Amma in aka auna da dubban shekaru, kurmin Afirka ya sha tsukewa ya sha buɗewa, ya yayyanke ya sake haɗewa, kuma wannan kai-komo ne ya bar alama a jinin dabbobinsa.

Kafin mu yi nisa, akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa, har a wasu littattafan makaranta. Yawan jinsunan dabbobi a wuri daban, bambancin gado tsakanin ɗaiɗaikun garke guda daban, sannan nisan da ke tsakanin wannan garke da wancan shi ma daban. Yanayi ɗaya yana iya rage na biyu ya ƙara na uku a lokaci guda. Ɗalibanka za su fi saurin kama na biyun in ka fara musu da abin da suka sani, wato gwajin jini kafin aure. AA da AS da SS bambanci ne na harafi ɗaya tak a cikin DNA. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma dalilin da ya sa wannan ƙwaya ba ta ɓace ba duk da wahalar sikila shi ne mai AS yana samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Sauro kuwa ruwa da ɗumi yake bi. Ka ga ke nan yanayi bai taɓa jinin kai tsaye ba, ya dai yanke wa za ya rayu ya haihu. Haka abin yake a dabbobi.

Sai lissafi ɗaya da duk bayanin ya rataya a kansa. Ƙaramin garke yana zubar da bambancinsa ko da babu cuta babu mafarauci, don kawai ba kowace ƙwayar gado ce ke samun magaji ba. In masu haihuwa 50 ne, ana asarar kimanin kashi 1 cikin 100 a kowane zubi na zuriya. In 10 ne, kashi 5 ake asara, kuma bayan zubi goma kusan kashi 40 sun tafi. Dawowarsu kuwa sai an ɗauki dubban zubi, ko kuma wani baƙo ya shigo daga wani garken da sabon jini. Saboda haka duk abin da ke ƙayyade girman garke da hanyar da baƙo zai bi, shi ne ke riƙe da linzamin bambancin gado. A kurmi, ruwan sama ne.

Cikin shekara miliyan 2.6 da suka wuce duniya ta yi ta shiga zamanin ƙanƙara tana fita. Na ƙarshe ya kai ƙololuwa wajen shekara 21,000 baya. Ƙanƙara ba ta sauko mana nan ba, fari ne rabonmu. Tsayin ruwan teku ya sauka da kimanin mita 120, iskar da ke kawo damina ta yi rauni, hamada ta gangaro kudu. Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja ya san dogayen tuddan rairayin nan da suka jeru, waɗanda yanzu ciyawa da gonaki suka danne. Iskar tsohon fari ce ta tara su. Can kudu ma akwai shaida, a ƙasan tafkuna. Kowace shekara ƙurar furanni na faɗawa ruwa ta kwanta a laka, sai masana su soka dogon bututu su zaro lakar su karanta ta daga ƙasa zuwa sama. A tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi, lakar wancan zamani ƙurar ciyawa ce ta cika ta, wato wurin da yake kurmi a yau fili ne a da. A tafkin Barombi Mbo kuwa, kusa da Kumba a Kamaru, binciken Jean Maley ya nuna ciyawa ta ƙaru amma itatuwan kurmi ba su ɓace ba. Daga baya lamarin ya juye gaba ɗaya. Ruwa ya yi yawa har Sahara ta yi kore, Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000, kuma kwale-kwalen da aka tono a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, mai shekara kusan 8,000, na wancan zamanin ne.

Ka dubi kogin Arewa da rani, yadda yake tsinkewa ya bar kududdufai nan da can, kowanne da kifin da ya maƙale a ciki. Babban kududdufi yana riƙe iri-iri, ƙarami kuwa abin da tsautsayi ya bari kawai za ka tarar. Da damina ta dawo su haɗe. Bambancin kawai shi ne ranin kurmi yana ɗaukar dubban shekaru, isasshen lokacin da mazauna kowane tsibirin itatuwa za su bi hanyarsu daban. A Afirka wuraren da ake ganin kurmi ya fake su ne wajen Laberiya da yammacin Kodebuwa, tsaunukan iyakar Najeriya da Kamaru, wasu sassan Gabon, da gabashin Kwango. In ka auna jinin dabbobin da ke kusa da irin waɗannan mafaka, sau da yawa za ka tarar da tsoffin rassa masu yawa. In ka yi nisa zuwa inda kurmi bai daɗe da dawowa ba, sai ka ga kowa ɗan'uwan kowa ne, don 'yan tsirarun da suka fara isa ne suka haifi sauran.

Wanda ya yi suna da wannan ra'ayi shi ne Jürgen Haffer, Bajamushe masanin duwatsu mai sha'awar tsuntsaye, a 1969, kuma a kan kurmin Amazon ya yi maganarsa. Biri ya yi kama da mutum, har aka shekara ashirin ana jingina masa komai. Sai ƙurar furanni daga tsakiyar Amazon ta nuna kurmin can bai yayyanke yadda aka zata ba, DNA kuma ta nuna jinsuna da yawa sun rabu tun kafin zamanin ƙanƙara. Wani bincike na 1990 ma ya gano cewa wasu wuraren da aka yi wa laƙabi da mafakar tsirrai, wuraren da masu tattara samfur suka fi zuwa ne kawai, saboda suna kusa da gari ko bakin kogi. A ganina ra'ayin Haffer ya fi zama daram a Afirka fiye da inda aka haife shi, domin nahiyarmu ta fi bushewa kuma kurminta ya fi wahala a hannun fari. Ko a nan ɗin, ya fi bayyana rabuwar rassa a cikin jinsi ɗaya fiye da haihuwar sabon jinsi.

Ba sai ka je Gabon ba, Malam. Ka hau mota daga Mile 2 ka bi ta Badagiri ka tsallaka Seme. Kafin ka wuce Kwatano ka shiga Togo za ka ga ƙasar ta buɗe, ciyawa da giginya, har da kuka tsaye ba nisa da bakin teku, kamar an ɗauko wani yanki na Arewa an ajiye. Haka za ka yi ta gani har Akra. Legas na samun sama da milimita 1,500 na ruwa a shekara, Akra kuwa wajen 800, kusan daidai da Kano. Dalili shi ne a wannan yanki iskar teku tana bin gefen gaɓa ne maimakon ta doki ƙasa, sannan ruwan sanyi na tasowa daga ƙarƙashin teku a tsakiyar damina ya hana hadari haɗuwa. Wannan shi ake kira Giɓin Dahome, kuma shi ya raba kurmin Afirka ta Yamma gida biyu. Lakar tafkin Sele a Jamhuriyar Binin ta nuna kurmi ne a wurin har zuwa wajen shekara 4,500 baya, sannan ya buɗe. Wannan buɗewa ta baya-bayan nan ba ta isa ta raba jinsi ba, amma ƙofar ta sha buɗewa da rufewa tun kafin nan. Akwai wani biri mai farin maƙogwaro da ke nuna irin wannan tarihi: na dajin Lama a Binin jan ciki gare shi, na Okomu a jihar Edo kuwa cikinsa toka-toka ne. Shi kuwa birin mona, wanda kake gani a gandun Lekki yana leƙen jakar baƙi, bai damu da giɓin ba. Yana nan daga Gana har Kamaru, domin yana iya zama a itatuwan bakin rafi da na fadamar gaɓar teku. Yanayi ɗaya ne, amma abin da ya zame wa wani katanga, ga wani hanya ce.

Koguna ma aikin ruwan sama ne. Tun 1852 Alfred Russel Wallace ya lura cewa biran wannan gaɓa ta Amazon ba su ne na waccan ba. A nan kusa, kogin Sanaga na Kamaru ya raba cimfanzi, babban birin nan mai kama da mutum, gida biyu. Na arewacinsa shi ne namu, wanda ake samu a Gashaka Gumti da Kuros Riba, kuma sai a 1997 binciken DNA na Mary Katherine Gonder da abokan aikinta ya nuna reshe ne mai zaman kansa. Kafin nan ana lissafa shi da na tsakiyar Afirka. Wani biri mai suna diril yana tsakanin kogin Kuros da Sanaga, ɗan'uwansa mandiril yana kudu da Sanaga. Tsibirin Biyoko da ke kusa da gaɓar Kamaru kuwa, lokacin da teku ya ja baya, da ƙafa dabbobi ke shiga. Da ƙanƙarar duniya ta narke wajen shekara 10,000 baya sai ruwa ya datse hanyar, diril ɗin da ke can ya zama reshe daban. Sai dai kogi ba katanga ce ta har abada ba. Da fari yakan ƙanƙance, kuma can sama wajen mafarinsa ana tsallakawa, shi ya sa a tsakiyar Kamaru ake samun alamar cuɗanyar jini tsakanin cimfanzin biyu.

Wataƙila ɗalibi ya tambaye ka yadda ake samun jinin goggon biri, wato gorila, a dokar daji. Ba a kama shi. Gorilar Kuros Riba ba ta kai 300 ba a duniya, a warwatse a kan tsaunuka irin su Afi da Mbe da Okwangwo da Takamanda, kuma tana gudun mutum ƙwarai, har mai bincike yakan daɗe yana aiki bai sa ta a ido ba. Abin da ake yi shi ne a bi sawu da sassafe a nemo inda suka kwana, domin kowace babba tana lanƙwasa rassa da ganye ta yi shimfiɗa sabuwa kowane dare. A gefen shimfiɗar akan sami kashi. Da safar hannu ake ɗibar ɗan kaɗan daga bayansa, inda ya gogi bangon hanji ya kwaso ƙwayoyin jikin dabbar, a jefa a kwalba mai sinadarin da ke hana ruɓewa, a rubuta wuri da rana. In rana ta riga ka, ko ruwa ya sauka a kai, aikin ya lalace, don damshi da zafin da suka raya kurmin su ne kuma ke cinye DNA cikin sauri. Da irin wannan kashi, haɗe da tsoffin samfura na gidan tarihi, wani bincike na 2011 ya ƙiyasta cewa gorilar Kuros Riba ta rabu da ta kudancin Kamaru da Gabon wajen shekara 18,000 baya, daidai lokacin babban fari, amma jini ya ci gaba da ɗan ratsawa tsakaninsu har zuwa 'yan ɗaruruwan shekarun nan. Mummunar raguwar da ta yi kwanan nan ce, zamanin bindiga da faɗaɗar gonaki.

Akwai hanya ta biyu da ba ta buƙatar katanga ko kaɗan, kuma ni ita ta fi burge ni. A 1997 Thomas Smith da abokansa suka auna wani ɗan tsuntsu mai launin ganye a Kamaru, na cikin kurmi da na bakin kurmi inda itatuwa ke cuɗanya da ciyawa. Tsuntsayen suna barbara da juna, jini na gudana, amma duk da haka na bakin kurmi sun fi nauyi da tsawon fiffike. A sarari shaho na ganinka daga nesa, sai mai saurin tashi ke tsira. Daga baya aka gano har kukansu ya bambanta. Cimfanzin Najeriya da Kamaru ma an same shi kashi biyu a jini, na tsaunukan kurmi mai ruwa da na bakin kurmi mai doguwar rani a tsakiyar Kamaru. Masu harkar shanu a Oko-Oba sun san wannan ba tare da ɗakin gwaji ba. Bunaji in ya daɗe a inda ƙudan tsando yake, sammore ya kama shi, amma ɗan guntun muturu yana kiwo a wurin lafiya lau, saboda kakanninsa sun daɗe ana tace su a cikin cutar. Wannan bincike na bakin kurmi ya sa dole a sake tunani, domin masu kare daji sun saba zuba kuɗi a tsakiyar kurmi su bar gefensa wa gatari, alhali a gefen ne ake ƙera sabon abu.

Yanzu ga inda maganarka ta "ba ya sauyawa" take da gaskiya, kuma ita ma tana haifar da rabuwa. A Legas tazarar da ke tsakanin watan da ya fi zafi da wanda ya fi sanyi ba ta wuce digiri uku zuwa huɗu ba. A Kano kuwa daren hunturu na sauka wajen 12, ranar bazara ta haura 40. Dabbar da ta tashi a Kano ta saba da komai, ta kurmi kuwa siririn zango kawai ta sani. Daniel Janzen ya yi wannan bayani a 1967: tun da zafi na raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 da ka hau, dabbar gindin dutse a ƙasa mai zafi ba ta taɓa ɗanɗana sanyin ƙololuwa ba, ta ƙololuwa ita ma kwari ya fi ƙarfinta. Sai kowane tsauni ya zama tsibiri. Jerin tsaunukan da ya taso daga Dutsen Kamaru ya bi ta Obudu da Mambila har Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, cike yake da kwaɗi da tsuntsayen da ba a samun su ko'ina. Akwai wani kwaɗo da duk duniya sai a tafkin Oku kaɗai yake, kuma jerin ƙunshin gadonsa goma sha biyu ne a inda ni da kai muke da biyu.

Akwai masu cewa zafi da kansa yana hanzarta sauyin ƙwayoyin gado, don jiki na aiki da sauri kuma zuriya na juyawa da wuri. Ga ƙwari da kifi da kwaɗi, waɗanda zafin jikinsu ke bin na waje, maganar tana da ƙafa. Ga giwa da biri ban ba ta nauyi sosai ba. Ita kuma maganar da ka karanta, cewa dabbobin ƙasashe masu zafi sun fi bambancin gado, wata taswira da aka buga a 2016 ta nuna haka ga dabbobi masu shayarwa da dangin kwaɗi, amma da ɗan guntun DNA aka yi ta, kuma samfuran Afirka ba su da yawa a ciki. Ka koyar da ita a matsayin abin da aka fi gani, kada ka mai da ita doka. Cimfanzin tsakiyar Afirka ya fi ɗan Adam bambancin gado nesa ba kusa ba, na Afirka ta Yamma kuwa bai kai na tsakiyar ba, alhali duka biyun a ƙasa mai zafi suke. Tarihin girman garkensu ne ya bambanta.

Tambayarka ta biyu: ragewa za ta yi, aƙalla cikin duk wani lokaci da ya shafe mu da jikokinmu. Asara tana zuwa cikin zubi kaɗan, ƙera sabo kuwa sai dubban shekaru. Fitowa daga zamanin ƙanƙara, duniya ta ƙara digiri 5 zuwa 6 cikin wajen shekara 10,000. Yanzu ta ƙara sama da digiri ɗaya cikin shekara 150. Kuma ba sai kurmi ya bushe ba kafin a ji a jika. A gandun Lope na Gabon an daɗe da lura cewa wasu itatuwa ba sa fure sai sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 19. Binciken da aka buga a 2020 ya nuna 'ya'yan itatuwa a wurin sun ragu da kashi 81 cikin 100 tsakanin 1986 da 2018, kuma giwayen kurmi sun rame, ƙibarsu ta ragu da kashi 11 cikin shekara goma. In ka kalli dajin daga sama kore ne shar, amma uwar da ba ta ƙoshi ba ba ta haihuwa a kan kari. Na kan tsauni kuma, in zafi ya matso sai su ƙara hawa, har ranar da dutsen zai ƙare.

Duk da haka, in ka ce in faɗi abin da ya fi gaggawa a Najeriya, ba zan ce ɗumama ba, zan ce zarto da gona da kwalta. A farin da, dabba tana da inda za ta gudu, kuma in ruwa ya dawo akwai hanyar komawa. Yau gandun Lekki hekta 78 ne, Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa shi a 1990, kuma gidaje da babban titi sun kewaye shi. Yawan biran da ɗalibanka za su ƙirga a can ba ya gaya maka yawan bambancin jininsu, don garke na iya cika da kai alhali duk jikokin 'yan ƙalilan ne. Giwayen dajin Omo a jihar Ogun, tafiyar 'yan sa'o'i daga Agege, suna zaune tsakanin gonakin koko da masu yankan katako, kuma haɗin da ke tsakanin Omo da dazukan Shasha da Oluwa sai sirancewa yake yi.

Shi ya sa masu wannan aiki suka fi damuwa da zirin daji fiye da faɗinsa. Binciken Richard Bergl da Linda Vigilant na 2007 ya gano cewa gorilar Kuros Riba, duk da warwatsuwarta, har lokacin akwai ɗaiɗaikun da ke barin tsaunin da aka haife su su koma wani su haihu a can. Garken Afi ne ya fi zama saniyar ware, kuma titin Ikom zuwa Obudu ya ratsa tsakaninsa da Mbe, inda ƙauyuka tara suka haɗu suke tsaron dutsen da kansu. A ƙa'idar da masana suka daɗe suna aiki da ita, baƙo ɗaya da ya shigo ya haihu a kowane zubi ya isa ya rage wa ƙaramin garke saurin asara ƙwarai, kuma zubi ɗaya na gorila kimanin shekara 20 ne.